Gogena a Waƙa ta Huɗu

Litinin, 4 ga Maris, 2019
Shekara arba'in ke nan da Malcolm, mawaƙin ƙungiyarmu, ya cire gogena daga faifanmu na farko. Yau jaridar garinmu Sheffield ta ce faifan nan ne ya koya wa samari kiɗa. Samari kuwa sun koyi shirme.

Alhamis, 7
Ni kaɗai na yi makarantar kiɗa cikinmu huɗu. Sauran ko riƙon jita ba su iya ba. A tsohuwar masana'antar cokula muka ɗauki faifan, ana tsananin sanyi. Na ja gogen Turawa yadda aka koya mini, tsaf. Malcolm ya ce, "Farfesa, ka cika iyawa. Kukan inji muke so, ba bikin coci ba. Goge shi za mu yi daga faifan." Na sa gogena a akwati na fita. Ban sake yi masa magana ba, faifan ma ban taɓa saurara ba.

Lahadi, 10
Ruwa tun safe. Shayi ya ƙare.

Asabar, 16
'Yata Denise ta zo da sabon bugun faifan a jaka. Na ce ta fitar mini da shi daga gida.
"Baba, taurin kanka ya fi na ƙofar nan. Wa ke jan goge a waƙa ta huɗu, in ba kai ba?"
Na ce babu goge.
"Akwai! Tun ina sakandare nake jin sa a ɓoye. Tsoron faɗa maka nake."
Ban ci abinci ba. Ƙila wani suka ɗauko.

Lahadi, 17
Ta ɗora faifan. Ganga na ji, da jita mai kauri, da muryar Malcolm kamar mai mura. Denise ta kama hannuna. "Ga shi nan! Can sama, siriri, shi ke riƙe da waƙar duka." Na ce ta ƙara sauti. Ta ƙara har kofuna na motsi a kan tebur. Na yi ta kallon fuskarta don in gane inda gogena ya shigo.
Na ce ta bar faifan nan, ba don komai ba, jakarta ta yi nauyi. Na kuma tambayi ko Malcolm na nan a tsohuwar unguwarsu. Tambaya kawai.
Bai goge ba ashe. Kunnena ne ya daina kama siririn sauti tun bara, kuma likita ya ce ba ya dawowa.