A Bar Malam Babba Ya Ƙarasa Baitin Ƙarshe

Zuwa ga Mai Girma Ministan Watsa Labarai na Jihar Arewa, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, sunana Ummaru, ina fataucin albasa tsakanin Illela da Birnin Ƙonni. Na ji a rediyo ana ta ja-in-ja a kan sha'irin da gwamnati ta naɗa bayan samun 'yancin kai. Wasu sun ce a ci gaba da riƙe shi, wasu sun ce muƙamin ba shi da wani amfani, a soke. Ni dai ko baiti ɗaya ban iya tsarawa ba. 'Yan'uwana ne suka gaji alƙalami, ni jakuna suka faɗo rabona. Amma maganar nan ta shigo har cikin gidanmu ta zauna, shi ya sa na ga ina da ta cewa.

Na farko, ga yadda abin ya faro. Waƙar 'yancin kai da sha'irin ya rubuta ta iso Illela a buge, da boko da ajami, aka manna ta a bakin kasuwa, aka raba wa makarantu. Mahaifina, wanda gari ke kira Malam Babba, ya tsufa yana karantar da yara da manya a zaurenmu. Ya karɓi takardar ya karanta, ya sake karantawa, sai na ga yana kaɗa ƙafa. Ya ce wannan bawan Allah ya san ma'aunin waƙa. Kashegari ya sa aka dafa masa sabuwar tawada, ya ce zai yi mata tahmisi.

Na san ka san tahmisi, ranka ya daɗe, amma bari in faɗa saboda wasu da za su karanta wasiƙar nan. Malami ne zai ɗauki waƙar wani mai ɗango biyu-biyu, ya ɗora nasa uku a saman kowane baiti, su zama biyar, ba tare da ya taɓa ko harafi ɗaya na mai waƙar ba. A ƙasar Sakkwato ba a yi wa waƙar banza tahmisi. Girmamawa ce da malami ke yi wa wanda ya yarda da shi.

Inda sha'iri ya yi godiya a kan 'yanci, Malam ya shigo da masuntan Kalmalo da manoman Tozai da Garu suna taya shi. Inda ya roƙi ruwa da albarka, Malam ya ambaci rijiyar unguwarmu da ta rufta, wadda har yau matanmu ke wuce ta da tulu a ka. Inda ya yi wa 'yan ƙasa addu'a, Malam ya haɗa da danginmu na Ƙonni da ke ƙetaren iyaka, don su ma a shekarar suka samu nasu 'yancin, kuma mahaifiyata 'yar can ce.

Na biyu, ga kukana. Wata Lahadi, ranar kasuwa, Malam ya rera abin da ya kammala a ƙofar gida bayan la'asar. Jama'a suka cika layi, har masu awo suka bar kwanukansu. Ba a yi mako ba wani jami'i ya zo zaurenmu. Ba zan yi masa ƙarya ba: ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwa yadda ya kamata. Sannan ya ce waƙar gwamnati ce, ba a ƙara mata komai, kuma maganar rijiya da ta Ƙonni za a iya ɗauka siyasa ce. Ba rashin sani ke damunsa ba, tsoro ne. Malam ya ce to, ya naɗe takardunsa ya sa a gafaka.

Saura baiti ɗaya ya rage masa, na ƙarshe, inda mai waƙa ke faɗin sunansa ya yi addu'a, mai tahmisi ma ya faɗi nasa. Tun daga ranar bai sake tsara ko ɗango ɗaya ba. Mutumin da ko ɗan akuya aka haifa a gidan nan sai ya yi masa baiti ya ba yara dariya, yanzu sai ya idar da karatu ya jingina da bango kawai. Ga idanunsa kullum ƙara rauni suke yi. Wallahi abin yana ci mini rai, don ina tsoron ranar da izini zai zo ya tarar ba ya ganin takarda.

Na uku, ga abin da ya sa ban fid da rai ba. Takardun da aka manna a kasuwa, rana da ruwa sun cinye su, saura kuwa na ga an ƙunshe ƙosai da su. Amma kwanan baya ina kasuwar Ƙonni, ina jiran a sauke mini kaya, sai na ji wani tela yana taka keke yana rera waƙar, ɗango biyar-biyar, har da rijiyarmu a ciki. Ashe fataken da suka saurara a ƙofar gidanmu sun haddace sun ƙetare da ita. 'Yan kwastan buhu suke dubawa, ba su duba bakin mutum. Na tambayi telan ta wa ce, ya ce ta sha'irin Nijeriya ce, kuma abin da ke ba shi haushi shi ne ba ta da ƙarshe.

Da na dawo na gaya wa Malam, bai tambayi ko sun san sunansa ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne ko sun kiyaye ɗango biyun sha'iri ba su ɓata masa ba. Na ce daidai suke. Ranar na ga murmushinsa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ni ina cikin masu cewa kada a soke muƙamin. Ba don sha'irin ya aza tushe ba, da Malam bai samu abin ɗorawa a kai ba. Ƙasa sabuwa tana bukatar waƙar da mutumin Illela da na can bakin teku za su ce tasu ce. Sai dai in an kulle ta kamar kayan sito, to ta ofis ce kawai. Kuma gwamnati ba ta da asara a tahmisi, tunda a kowane baiti maganar sha'irinta ce ke zuwa a ƙarshe.

Roƙona guda uku ne. A sanar da jami'ai cewa yi wa waƙar sha'irin gwamnati tahmisi ba laifi ba ne. A turo sha'irin ya zo Illela ranar wata Lahadi ya ji yadda waƙarsa ta yi girma. Masauki da tuwo suna wuyana. Sannan, wanda ya fi mini duka, a aiko wa mahaifina da kalma ɗaya ta izini tun yana iya ganin bakin alƙalaminsa. Na riga na sa an dafa sabuwar tawada, tana nan a ɗakina, ban dai gaya masa ba tukuna.

Allah ya yi maka jagora, ya kare ka daga mugun mashawarci, ya zaunar da ƙasar nan tamu lafiya, ya sa ka gama da jama'a lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ummaru ɗan Malam Babba,
Illela.