Babban Yatsan Inna

Laraba, bayan sallar isha'i

Yau babban yatsan Inna ya taɓo na tsakiya. Saura kaɗan in rangaɗa guɗa.

Wata uku ke nan da ta zame a bakin rijiya ta karye a wuyan hannun dama. Mai ɗori ya ce a kwance karan bayan kwana arba'in, ni ce tsoro ya sa na ƙara mata sati uku. Ƙashi ya haɗu, yatsu kuwa suka sandare. Ma'aikaciyar asibiti a Gummi ta ce gaɓa da motsi take rayuwa, in ta daɗe a ɗaure jijiyoyinta ƙagewa suke yi. Ba ta ce laifina ne ba, amma na tsargu.

Tun tana yarinya a gaɓoɓin yatsun dama Inna take ƙirga tasbihi. Na sayo mata carbi a kasuwar Bukkuyum, ta rataye shi a ƙusa. Wai yatsunta ne za su yi mata shaida gobe ƙiyama, ba roba ba.

Kullum da hantsi nakan tsoma hannun a ruwan ɗumi, in lanƙwasa gaɓa ɗaya bayan ɗaya, tana cije leɓe.

Yau bayan la'asar ta ƙirga yatsu biyu, na uku ya gagara. Na fara ba ta haƙuri, sai ta kamo hannuna da hagunta.

"Miƙo naki, ɗiyata. Tunda ke kinka ɗaure nawa, sai ki ba ni aro."

A yatsuna ta ƙarasa tasbihinta.