Gudun da Aka Auna da Babur ɗin Almu

Halimatussa'adiya Tukur Ɗantutture,
Kyaftin, Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Mata,
Aji Biyu, Sashen Lafiyar Al'umma,
Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsamiyar Audi,
Dutsin-Ma.

Litinin, 18 ga Nuwamba, 2024.

Zuwa ga:
Alhaji Abubakar Sadiƙ Hudu,
Daraktan Harkokin Ɗalibai,
Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsamiyar Audi,
Dutsin-Ma.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: GWAJIN ƘARFI DA GUDU DA AKA YI WA 'YAN ƘWALLO MATA A LOKACIN HUTU, DA CIRE SUNANA DAGA MASU ZUWA GASAR SHIYYA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi. Na san ƙa'ida ta ce takarda irin wannan ta biyo ta hannun Koci, Malam Kamilu Rabe. Na tsallake shi da saninsa, domin ba a ba kura ajiyar nama.

Ni ce nake buga wa wannan kwaleji lamba tara tun shigowata, kuma ƙwallayen da na ci ba sai na ƙirga maka su ba, wasu a gabanka aka yi. Mahaifina, Malam Tukur, bai taɓa son wannan harka ba. Da ƙyar mahaifiyata Inno ta shawo kansa, ya kafa sharaɗi guda: muddin makaranta ce da kanta take zaɓena in wakilce ta, ya yarda aikin makaranta ne. Ranar da aka bar ni a baya, ta tabbata shiririta ce, sai in kawo masa takalman ƙwallo da hannuna, a rufe zancen. Na faɗi wannan tun farko domin ka san abin da ke rataye a kan wannan takarda.

A ranar 28 ga Oktoba Koci ya turo saƙo cewa kowa ta katse hutunta ta dawo, za a gwada ƙarfi da gudu don fitar da waɗanda za su je gasar kwalejoji ta shiyya a watan Janairu. Na baro Ɗantutture na zo. Ga abin da ya biyo baya.

1. Maza an gwada su a filin kwaleji, da ƙarafan ɗagawa da aka sayo domin kowa. Mu kuwa, ranar Asabar 9 ga Nuwamba, aka loda mu a keke-napep biyu aka nufi Karofi da mu. Dalilin da aka ba mu shi ne ƙarfe ya fi ƙarfin mace, kuma an samo mana fili mai laushi wanda ba zai ji mana ciwo ba. Filin yana da laushi, wannan gaskiya ne. Gonar waken Koci ce, kuma waken ya isa roro.

2. Gwajin ƙarfi ya kasance kamar haka. Mun yi roron wake tun hantsi, wanda aka ce yana auna ƙarfin ƙugu. Mun cika buhuna mun ɗauka zuwa bakin hanya, wanda aka ce yana auna ƙarfin wuya da gadon baya. Mun ɗaure harawa dami dami, wannan kuma ba a faɗi abin da yake aunawa ba, ina jin hikimar ta ƙare ne. Koci yana zaune a inuwa da usur a bakinsa, in wata ta miƙe don ta huta ya busa mata kamar ta yi satar gida.

Ranka ya daɗe, ba nauyin buhu nake kawo ƙara ba. 'Yar Ɗantutture ce ni, na iya ɗaukar kaya tun kafin in iya rubuta sunana, kuma a ranar babu wadda ta kai ni yawan zuwa bakin hanya. Abin da nake cewa shi ne a garinmu wannan aiki yana da suna, gayya ake ce masa. Mai gayya yakan fito fili ya roƙi mutane, ya sa a tuƙa tuwo, a dama fura, in da hali ya kira makaɗi. Mu ruwan leda aka ba mu wanda ya wuni a rana, sai usur. In gwaji ne, har yau ba a nuna mana makin ko mutum ɗaya ba, an dai ce duk mun ci, kuma lalle gonar ta shaida hakan. In kuwa gayya ce, muna bin tuwonmu.

3. Ba a bari gumi ya bushe ba aka ce a fito hanyar burji da ke gefen gonar, za a gwada gudu. Na tambaya cikin ladabi ina agogon. Koci ya bayyana mana cewa ya halarci wata bita, kuma auna gudu da agogo tsohon yayi ne. Yanzu a manyan ƙasashe ana duba kilomita nawa ɗan wasa yake yi a awa. Tun da kwaleji ba ta da na'urar, ya ɗauko wani ɗan acaɓa mai suna Almu. Tsarin shi ne Almu ya jera da mai gudu kafaɗa da kafaɗa, Koci yana zaune a bayansa yana leƙen allurar gudu ta saman kafaɗarsa, in babur ya isa wata bishiyar dogon yaro da aka sa a matsayin iyaka, sai ya rubuta abin da allura ta nuna.

Na karanta darasin awon jiki a wannan kwaleji, an koya mana auna zafi da hawan jini da nauyin jariri. Ban taɓa jin inda aka sa wa mai jinya ma'aunin zafi a hammata aka rubuta wa majinyaci sakamakon ba. Na shiga layi duk da haka, don a lokacin ina ganin ko babur ne ba zai kunyata ni ba.

4. Da aka zo kaina, na tashi da kyau, har na ji Almu yana ƙara wuta don ya kamo ni. Muna tsakiyar hanya sai wata baiwar Allah da ke tsaye a gefe da ƙullin kaya ta ɗaga hannu. Ranka ya daɗe ya san ɗan acaɓa. Ganin hannu a sama da taka birki abu ɗaya ne a wurinsa, kamar yadda muke cewa amin in mun ji addu'a ko ba mu san wanda ake yi wa ba. Almu ya taka birki. Ni na wuce.

Na isa dogon yaro, na juyo, na dafa gwiwa, numfashina ya dawo, sannan na hango su can baya Almu yana ba matar haƙuri cewa yana kan aiki amma ta jira shi. Suka gangaro a hankali kamar masu rakiyar gawa. Babur ya iso bishiyar yana neman mutuwa, Koci ya leƙa allura, ya rubuta. Abin da ya rubuta, akuya mai ciki ta fi shi.

Na nuna masa cewa na riga su zuwa, ga shaidu har goma sha. Ya amsa cewa shi ba ni yake kallo ba, allura yake kallo, kuma ba a musu da na'ura. Na roƙi a sake. Ya ce ba a maimaita jarrabawa don mutum ɗaya.

5. Bayana sai Mardiya, mai tsaron gidanmu kuma ƙawata, wadda ita da bakinta take cewa ta zaɓi gola ne don ba ta shiri da gudu. Suna tashi wani kare ya fito daga gonar dawa ya bi babur. Almu ya buɗe wuta iya ƙarfinsa, Koci ya ƙanƙame shi yana salati, suka wuce dogon yaro kamar an jefa su. Amma duk da halin da yake ciki Koci bai manta aikinsa ba, ya leƙa allura. Mardiya ta iso daga baya tana tafiya, riƙe da gefen ciki, domin ta ga ba amfanin gudu tun da ma'aunin ya tafi ya bar ta.

A yau, bisa takardar wannan kwaleji, Mardiya ce mace mafi gudu a Dutsin-Ma, wataƙila ma a jihar baki ɗaya. An ba ta lamba tara. An sa a gola wata 'yar aji ɗaya da ke rufe ido in ƙwallo ta taso. Mardiya ta yi kuka da ta ga sunanta, ba kukan murna ba, kuma ta sa hannu a ƙasan wannan takarda ba tare da na roƙe ta ba.

6. Ranar Alhamis 14 ga Nuwamba aka liƙa sakamako a allon sanarwa. Sunana ba ya cikin masu tafiya. Yana ƙasa, cikin masu buƙatar ƙarin atisaye, kuma a gabansa an rubuta da jan biro cewa ina da nawa, wato ba ni da sauri. Na sami Koci a ofishinsa. Ya shawarce ni in yi haƙuri, ya ce gardama ba ta yi wa ɗiya mace kyau, ya ƙara da cewa boko ne ya yi mini yawa. Wannan na ƙarshe na karɓa da godiya, don shi aka turo ni nema.

Haƙuri kuwa ba yau na fara shi ba. Na yi atisaye da sassafe kafin lacca saboda maza sun riƙe fili da yamma. Na buga wasa cikin dogon wando da hijabi a zafin bazara ban taɓa neman a canza ni ba. Na ji abin da samari ke faɗa daga bayan raga, na mayar musu da amsa a cikin ragar. Takalmana na gwanjo ne, sun yi mini yawa, auduga nake cusawa a gaba. Matan unguwarmu sun sha zuwa yi wa Inno jaje kamar an yi mata rasuwa, ta ba su tabarma da ruwa, in sun tafi ta wanke mini safa. Duk wannan na shanye, ban taɓa rubuto maka ko layi ɗaya ba. Amma a ce ina da nawa, a rubuta da jan biro, a liƙa inda 'yan aji ɗaya ke wucewa, saboda wata mata ta tsayar da acaɓa, wannan ba zan haɗiye shi ba.

7. Labarin ya riga ni isa gida, domin Almu ya ba da shi a tasha don a yi dariya, daga nan 'yan acaɓa suka kai shi har Ɗantutture kyauta. Ranar Asabar da ta wuce na je Ɗantutture da takalman a leda, na ajiye su gaban mahaifina kamar yadda aka yi alkawari. Ya daɗe yana kallonsu. Ya tambaye ni ko da gaske ne na riga babur, na ce da gaske ne. Ya ce shi bai janye sharaɗinsa ba, kuma har gobe ba ya son ƙwallo. Sai dai shekararsa talatin yana saye da sayar da hatsi, bai taɓa karɓar awon da ba a yi a gabansa ba, ba kuma zai fara a kan 'yarsa ba. Ya turo mini ledar da ƙafarsa, ya ce in riƙe tukuna, zai zo ya gani da idonsa.

Saboda haka, Ranka ya daɗe, cikin girmamawa nake roƙon:

(a) A soke sakamakon gudun da aka yi a Karofi gaba ɗaya, domin babur aka auna, kuma babur ba ɗalibin wannan kwaleji ba ne.

(b) A sake gwajin a filin kwaleji, da agogo, a gaban wakilinka, kowa da ƙafarta, kafin Juma'a 29 ga Nuwamba da za a aika sunaye.

(c) A mayar da Mardiya gola tun kafin a ci mu abin da za a daɗe ana ba da labari.

(d) A sanar da Malam Kamilu Rabe cewa ƙarafan ɗagawa ba su kai buhun wake nauyi ba, mun gwada.

(e) Kada a ɗora wa Almu laifi. Shi kaɗai ne a ranar ya yi aikin da ya iya.

Ba na neman a sa sunana don na rubuta takarda, ba kuma na neman a kori kowa. A jera mu a layi a busa usur. In wata ta riga ni, zan miƙa wa mahaifina takalman nan a gabanka, in gaishe ka, in koma aji, ba za ka sake ganin rubutuna ba sai a takardar jarrabawa.

Ya wajaba kuma in sanar da kai cewa Malam Tukur ya tsayar da Talata, 26 ga wata, don zuwansa, ko an shirya gwaji ko ba a shirya ba. In an shirya, a bakin fili zai zauna. In ba a shirya ba, ya ce a ƙofar ofishinka zai jira har a shirya. Na san mahaifina, mutum ne da ke iya wuni guda a kan ciniki ɗaya ba tare da ya ɗaga murya ba. Ina ba da shawarar a zaɓi fili.

Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya.

Taka mai biyayya,

Halimatussa'adiya Tukur Ɗantutture
Kyaftin, kuma lamba tara har sai an riga ni da ƙafa.

Shaida: Mardiya Audi, mai tsaron gida.

Kwafi zuwa ga: Malam Kamilu Rabe, Koci.