Auta Yana Jifa Inda Babu Kwando

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da 'yar ƙaramar nan da har yau a hoto kawai muka san ta. Allah ya ƙara lafiya, ya sassauta maka wahalar aiki, ya tsare ka a ƙasar mutane. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Umma ta lafa, har ta koma kan keken ɗinkinta, faɗa kuwa ba ta rage ko kaɗan ba. Goggo ta zo ta kwana biyu, ta bar mana tsegumin da zai ishe mu shekara. Ni ina nan shagon walda, Oga yana nan da halinsa, ni ma ina nan da bakina. Na zaɓi rubutu ne don in na kira ka a waya Umma tana jin komai ta bango, kuma na san kaina, zan fara ihu tun ban kai ga magana ba. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san ba malami ne ya koya mini ba.

Maganar Auta ce, Yaya, kuma ka zauna kafin ka ci gaba. Yaron da ka bari yana bin ka da kuka yanzu ya fi ni tsawo, ba shi da zance sai ƙwallon kwando. Kocinsu, wanda nake kira Mai Usur, yana da wata dabara. Kafin su taɓa ƙwallo sai ya zaunar da su a kan siminti, kowa ya rufe ido. Wai kowa ya ga kansa tsaye a layi, ya ji nauyin ƙwallo a yatsunsa, ya lanƙwasa gwiwa, ya sake ta, ya bi ta da idon zuci har ta faɗa zobe ya ji ƙarar raga. Wai hannu yana bin abin da kai ya riga ya gani. Ranar da na fara ganinsu na ce masa in haka ne ni ma zan rufe ido in ga na gama ƙofar mutane, in ya so Oga ya sallame ni. Mai Usur ya ce in tafi da bakina. To amma Auta ya ɗauki abin da gaske. A ɗaki za ka same shi zaune bakin katifa, ido rufe, wuyan hannu yana karyewa a iska kamar mai korar ƙuda. Kuma ya ƙware, wallahi. Daga layin jifa ba ya kuskure. Mai Usur har nuna shi yake wa sauran, yana cewa ga wanda yake gani da kai. Ashe gaskiya ya faɗa bai sani ba.

Turken kwandon filin ya yi tsatsa daga gindi, aka kira shagonmu. Muka yanke shi, muka tarar tsohon ramin ya farfashe, sai muka kafa sabon kamar kamu guda zuwa hagu, da niyyar a sake zana layuka daga baya. Da siminti ya kama na tsaya kallon aikin hannuna. Yara suka zo, kowa ya ɗaga kai ya ga inda zobe ya koma, ya gyara tsayuwa. Auta ya zo ya laluba da dunduniya har ya sami wata tsaga a siminti, ya tsaya a kanta, ya jefa. Yaya, ban taɓa ganin jifa mai kyau irin wannan ba. Ƙwallon ta tashi, ta lanƙwaso, ta sauka daidai inda tsohon zoben yake, a iska, babu komai a wurin. Yara suka fashe da dariya, ni ma na yi. Ya sake jefawa, nan dai ta sauka. Ya sake. Kuma ba zoben yake kallo ba, kunne ya karkatar yana jiran ƙarar raga. Sai na tuna yadda Baba, Allah ya jiƙansa, yake karkatar da kai haka a bakin ƙofa lokacin da idonsa ya fara tafiya. Na daka wa yaran tsawa, na zagi wanda bai ci zagi ba, na ja Auta waje.

A hanya na titsiye shi. Da farko ya ce rana ce ta shige masa ido. Na nuna masa allon wani kanti, mai rubutu manya-manya irin waɗanda na fara koyon karatu da su, na ce ya karanta. Ya kasa. Can ya ce ya daɗe ba ya ganin zoben, sai wani hazo, amma wanda ke cikin kansa tar yake, shi ya sa bai ga dalilin tayar wa kowa da hankali ba. Washegari na kai shi wurin wata likitar ido. Ta ce ruwan cikin idon ne ya yi yawa yana danne jijiyar gani, kuma ciwon yakan bi jini. Na dama ya kusa tafiya, na hagu ne ake so a ceta. Ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Ta ba da maganin ɗigawa, ta ce shi kaɗai ba zai riƙe ba, aiki ake so kuma ba da jinkiri ba, bayan aikin kuma babu gudu babu tsalle na wani lokaci. Ta tambaye ni me muke yi tuntuni.

Ga inda ta tsaya. Wata mai kamawa masu zaɓen 'yan wasa za su zo, Auta ya rantse ba mai taɓa masa ido sai an gama. Na yi faɗa, na yi lallashi, ka san lallashina ma faɗa ne. Mai Usur da ya ji, ya ce ya cire shi daga jeri. Auta ya ce zai je da ƙafarsa. Har roƙona ya yi in kai shi filin in riƙe masa tsani, ya hau ya shafa sabon zoben da hannu don ya gyara na cikin kansa. Na ƙi. Umma ba ta sani ba. Ita ta yi jinyar Baba, ita ta ja masa hannu har ƙarshe, ban san da wane baki zan gaya mata ba. Kullum da safe ina leƙa fuskar Auta in ga ko idon ya bi ni. Tsoro nake ji, Yaya. Likitar ta ce mu ma duk a duba mu, ka je a duba naka, kada ka ce mini aiki ya yi yawa.

Auta ba kowa yake ji ba, amma kai yana jin maganarka, kuma ba ta waya ba, don a waya zai ce to ya ajiye. Ka nemi izini ka zo, ka zauna da Umma, ka kama hannunsa ka kai shi. Jiya na tambaye shi ko har yanzu yana ganin fuskarka in ya rufe ido. Ya ce sosai ma, ya kwatanta mini kai: siriri, ba gemu, da jakar nan mai tsinkakken hannu a kafaɗa. Hoton da ka aiko da gemu da tumbi yana jikin bango kusa da katifarsa, ya wuce shekara a wurin. Bai taɓa ganinsa ba. Kai ma ka matsa daga inda ya bar ka, Yaya. Ka zo ya ga na gaskiyar tun da sauran idon gani.

Ka gaishe da Anti, ka ce ina roƙonta ta ba mu aron ka. Ka shafa mini kan 'yarmu. Umma tana gaishe ku, Goggo da Kawu ma haka. Auta bai san na rubuto ba, amma na san da zai ce a gaishe ka.

Ƙaninka mai jiran ka,
Sarkin Baki