Ɗan Bayarabe a Jiratawa, Ɗan Ƙasa a Kanada

Zuwa ga ƙanena Laminu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kai da iyalinka, kuma sanyin ƙasar nan taku bai takura muku ba. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar da ka sani. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Wata uku ke nan kana kirana ba na ɗauka. Na sa Inna ta ce maka aikin lambu ne ya yi mini yawa, wata rana kuma na ce babu rezo, waya ba ta shiga a Jiratawa inda lambuna yake. Duk ƙarya ce. Na zaɓi in rubuto maka a nan inda jama'a za su karanta, don na gaji da ɓoyewa. Kishinka nake yi, Laminu. Ni da na goya ka, ni da na riƙa hannunka ranar da aka sa ka lakwal, makarantar boko, yau ni ne ke jin zafin alherin da ya same ka.

Ka tuna bidiyon da ka aiko ranar da ka yi rantsuwar zama ɗan ƙasar Kanada? Kana tsaye da babbar riga, a damanka wata 'yar Sin, a hagunka wani mai rawani daga Indiya, alƙaliya tana yi muku maraba. Inna ta karɓi wayata ta zaga da ita gida gida a unguwar Zariya, har caji ya ƙare. Shekara shida kawai ka yi can. Ni kuwa shekarata arba'in da huɗu a garin da aka binne cibiyata.

Abin da ba ka sani ba shi ne, kwana biyu kafin bidiyon nan aka yi zaɓe a ƙungiyarmu ta masu noman rani. Za a zaɓi wanda zai riƙe makullin famfo, ya tsara wa kowa ranar ban ruwansa. Ba ni na nema ba. Maƙwabtan fegina ne suka same ni har gida, suka ce shekara ashirin muna tare ba su taɓa jin na yi rigima da kowa ba, in daure in tsaya. Na tsaya.

Muna zaune a rumfa, ana gab da ɗaga hannu, sai wani daga cikin mutanen abokin takarata ya ce, “Yanzu ɗan Bayarabe za mu ba makullin ruwanmu?” Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce ma, irin ta wasa ce, ita ta fi yi mini ciwo. Da aka kira sunana, waɗanda suka zo gidana da ƙafarsu suka sunkuyar da kai. Tsoho Nomau, mutumin Tsibiri, shi da mutum kaɗan suka ɗaga hannu. Abokin takarata ya ci.

Uwarmu ɗaya, Bagobira. Ubanmu ɗaya, Baba Lasisi mai gyaran keken ɗinki, wanda ya zo Maraɗi tun bai yi gemu ba, ya mutu a nan, muka kai shi makwancinsa a nan. Yarbancin da na iya bai wuce gaisuwa ba. Takardar nasiyonalite, shaidar ni ɗan ƙasa ne, tana cikin akwatina. Amma kai da ka je jiya an ce maka kai na gida ne, ni da aka haifa a gida ana tuna mini hanya.

Ka san maganar Baba: “Baƙo ya fara biyan haraji, ya zama na ƙarshe wajen magana.” Haka ya rayu, ba a taɓa jin muryarsa a taro ba. Kai ne kullum kake yi masa musu, ni nake tsawata maka. Na bi maganarsa sau da ƙafa, ina zaton in na yi shiru tsawon lokaci za a manta ni ɗan baƙo ne.

Bayan zaɓe aka ɗage ranar ruwana sau biyu, daidai lokacin da alkama ke fidda kai. Ta yi ja, rabin fegin ya tafi. Na kai kuka wurin kwamiti, na tarar mai sauraron ƙarar surukin mai makullin da nake ƙara ne. Ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, ai ni ma nasu ne. Wannan “ma” ɗin har yau tana kunnena.

A hanyar komawa gari bisa babur, labarinka na bara nake tunawa, na maigidan hayarka da ya so ya kore ka don baƙinka na Juma'a sun cika yawa. Ka kai shi ƙara, kai direban bas, shi kuwa kakannin kakanninsa a can aka haife su. Mai shari'ar ba addininku ɗaya ba, bai san uwarka ba, bai san ubanka ba, ya saurare ku ya ba ka gaskiya. Lokacin na yi maka murna. Ran nan kuwa sai da na tsaya bakin hanya na yi istigifari, saboda abin da zuciyata ta raya mini a kanka.

Na san za ka ce can ma ba aljanna ba ce. Ka gaya mini an sha hana ka gidan haya da an ji sunanka, kuma akwai fasinjan da ba ya amsa gaisuwarka. Na yarda. Ba na kishin motarka ko albashinka. Ƙofar nan nake kishi, wadda za ka ƙwanƙwasa in an zalunce ka, a buɗe maka ba tare da an tambayi ɗan wane ne kai ba.

Takardun da ka ce za ka fara nema mini, bar su, ɗan Inna. Ba zan zo ba. In na tashi, na tabbatar wa mutumin nan na rumfa maganarsa ke nan, kuma 'ya'yana su za su gaji dariyar. Zan sake tsayawa a zaɓe mai zuwa. Na kuma rubuta wa ƙungiya cewa a daina barin dangin wanda ake ƙara su saurari ƙara. Mutum tara sun sa hannu, har da biyu daga cikin waɗanda suka sunkuyar da kai. Ɗayansu ya kasa kallon idona, ya ce mini kawai, “Ba ni biron.”

Barka da ka samu, Laminu. Ta zo a makare, amma daga zuciya take. Allah ya sa wannan ƙasa ta riƙe ka amana, ya ba mu shugabanni masu adalci a nan da can, ya ji ƙan Baba, ya ƙara wa Inna lafiya. Ni kuma ka roƙa mini Allah ya wanke mini zuciya, don har yanzu da saura.

Kira ni ranar Juma'a bayan an sauko. Zan ɗauka.

Naka yayanka,
Mamman Sani
Unguwar Zariya, Maraɗi