Ranar da Waya Ta Tafi Kasuwa

Tungar Kalgo, bayan Lugu

Zuwa ga ƙanena Salman,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Husna. Yaya Kwatano, yaya kasuwa? Mu nan alhamdu lillahi, ruwa ya sauka, an yi shuka.

Kada ka yi mini dariya don na rubuta takarda na ɗauke ta hoto, alhali ga waya a hannuna. Ba na so Baba ya ji ni, dangar kara ce kawai tsakanina da ɗakinsa. Ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, amma kunnensa na nan garau, ko tari na yi sai ya tambayi dalili.

Har yanzu babu rezo, wato sabis ɗin waya, a garinmu. Ranar kasuwar Matankari, Iro mai kabu-kabu yana bi gida-gida ya tara wayoyinmu cikin jakar fata, kowace da ƙyallen shaidarta, nawa ja. Can zai sa musu wuta, ya kunna su, saƙonninmu su fita, naku su shigo, ya dawo da su da yamma. Wayoyinmu sun fi mu yawo. An dai zo an auna fili bayan rijiya, wai za a kafa ƙarfen rezo.

Salman, jikin Baba ya yi nauyi. Na san abin da za ka ce. Shekara shida ke nan da ka dawo daga karatu a Dogon Dutsi, ka fasa tukunyar da yake zuba wa doguwa, aljanar gidanmu, sabon gero, a gaban mutane, shi kuma ya ce kada ƙafarka ta sake taka gidansa. Na san kuma laifina. Shekarun baya na aika maka cewa ya kira ka, alhali bai kira ba, ka yi tafiyar kwana biyu ya mayar da kai daga bakin zaure. Ka rantse ba za ka ƙara zuwa ba sai ka ji da muryarsa. Ban ga laifinka ba. Amma ku biyun nan, taurin kanku ko turmi albarka.

Ka gaida Husna. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Lantana

Tungar Kalgo

Zuwa ga Salman,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan zazzaɓin da ka ce yana damunka ya sake ka. Na ga amsarka, layi biyu, kamar mai rubuta wa jandarma.

Zan faɗa maka abin da ya hana ni sukuni. Sau biyu Baba yana yi maka magana a waya.

Na farko, ina ba shi kunu, ya tambaye ni ko gaskiya ne abin nan yana riƙe murya. Na danna masa. Ya daɗe yana zancen ruwa, da tsutsar da ta ci gonar maƙwabta, da tunkiyar da ta haifi biyu, kamar da wayar yake hira. Can ƙarshe ya kira sunanka, sau ɗaya. Na ga ɗan agogon nan ya fito gefen saƙon, alamar bai tafi ba. Saura kwana huɗu kasuwa. A rana ta uku ya sa na kawo wayar, ya ce in goge, yana kallon yatsana har na goge.

Na biyu ya fi tsawo, har ya ce yana mafarkinka kana ƙarami kana bin sa gona. Wannan kwana biyu kawai ya yi. Shi ma na goge. Na yi tunanin in yaudare shi in ce na goge, amma ƙarya ɗaya na yi tsakaninku, ka ga inda ta kai mu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, da a Dogon Dutsi muke, da kafin ya rufe baki maganar ta iso kunnenka. Nan kuwa sai ta kwana ta kwana, har zuciyarsa ta sami lokacin sake taurarewa. An fara haɗa ƙarfen, ya kai tsayin gawo, ma'aikatan sun ce sai bayan damina.

Don haka ina roƙonka, don darajar Inna da ke ƙasa, kai ka fara. Ban ce ka bar abin da ka yi imani da shi ba. Ni ma ba na zuba wa kowa gero. Amma ubanka ne. Ka yi masa wokal, wato saƙon murya, ko gaisuwa ce kawai. Kasuwa mai zuwa zan ba Iro wayar ta ɗauko.

Ina gaishe ku duka.

Yayarka,
Lantana

Tungar Kalgo

Zuwa ga ɗan'uwana Salman,

Ina gaishe ka, ina yi maka gaisuwar rashin da muka yi. Yaya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Na san Iro ya kira ka daga Matankari washegari ya faɗa maka. Abin da bai sani ba shi zan rubuta.

Ranar kasuwa ce. Da Iro ya tsaya a ƙofa, sai da na yi jim da wayar a hannu, don Baba bai taɓa kununsa ba. Amma na ce a raina muryarka ce maganinsa. Na ɗaura jan ƙyallen na jefa ta cikin jaka.

Da hantsi Baba ya kira ni. Idonsa tar, kamar ba shi ne marar lafiya ba. Ya ce in kawo abin nan, yau ba za a goge ba. Salman, na bi gida bakwai da gudu ba mayafi, ko wani ya riƙe tasa. Duk suna cikin jakar Iro. Na dawo na durƙusa na faɗa masa. Ya yi ɗan murmushi, ya ce to ni in riƙe.

Ga abin da ya ce, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya ce in gaya maka tukunyar nan dama ta tsage tun zamanin kakanmu, kai dai ka ƙarasa ta ne. Ya ce gefen gona na wajen gawo naka ne, shekara shida yana nome maka shi. Ya ce ya janye maganar da ya yi a bakin zaure, ka zo gida.

Kafin azahar ya cika. An kai shi bayan la'asar.

Mutane na dawowa daga maƙabarta Iro ya shigo gari. Ya miƙo mini wayar bai iya kallona ba. Saƙonka na ciki, minti huɗu. Na shiga ɗakin Baba na kunna, na ajiye kan tabarmarsa. Na ji ka ce masa Baba, na ji inda muryarka ta karye, na ji ka nemi gafara. Agogon saƙon ya nuna ya shiga wayar tun da safe, lokacin Baba yana da rai. Ya yi yini guda cikin jaka a rumfar mai caji.

Na kasa yafe wa kaina. Da na riƙe ta, da kana da muryarsa. Da ban tura ta ba, da ban san ka yi magana ba. Kullum sai na juya abin, ban sami gefen da ya fi sauƙi ba.

Sun gama ƙarfen. An ce wata mai zuwa za a kunna, mata har sun fara shirin guɗa. Ina taya su murna, tsakani da Allah, don kada wata ta yi gudun da na yi.

Ka rantse ba za ka zo ba sai ka ji da muryarsa. Ba ni da muryarsa, Salman. Ba ni da shaida sai bakina, wanda ya taɓa yi maka ƙarya. Geron wajen gawo ya fara fitar da kai, ba kuma zan bari kowa ya sa masa hannu ba. Ka yarda da ni wannan karon.

Ka gaida Husna. Ina duban hanya.

Yayarka,
Lantana