Simintin da Ya Ci Mini Kafaɗa

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Wasanni na unguwarmu, Gure.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Ni ne Lawan, mai lambu a kwari, ɗan wasan ƙwallon raga. Na yi ta zarya biro ɗinka, wato ofis, ban same ka ba, shi ya sa na rubuta inda kowa zai gani. Kuma ba zan ɓoye maka ba, kishi nake yi, kishin 'yan ƙwallon ƙafa.

Na ɗaya. Tun muna 'yan makarantar lakwal a kan rairayi muke wasanmu. Mutum ya yi tsalle ya faɗi, sai ya kakkaɓe jiki ya tashi. Bara kuka ɗauke filin kuka ba 'yan ƙwallon ƙafa, mu kuma kuka zuba mana siminti a bayan tasha, wai an ɗaga darajarmu. Har tafi muka yi, don ba mu san abin da ke tafe ba. Ka zo ka duba yanzu: wannan gwiwa ta kumbura, wancan targaɗe a idon sawu, wani yatsa ya goce. Kusan kowa da inda yake dafawa.

Na biyu. 'Yan ƙwallon ƙafa suna da malamin asibiti da akwatin magani, da ƙanƙara, da mai sa su ɗumama jiki kafin a fara. Mu fa? Daga lambu sai fili, kafaɗa ta riga ta gaji da jan guga, a haka za a hau dukan balo. Ba wanda ya taɓa nuna mana yadda ake dira.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Da sanyin da ya wuce na faɗi kan simintin nan, kafaɗata ta dama ta goce. A satin ne abokina Kiyari, golan 'yan ƙwallon ƙafa, ya ji irin ciwona. Shi an sa shi a mota zuwa Damagaram, aka yi masa hoto, aka koya masa motsa hannu sannu a hankali. Ni a amalanke aka kai ni wurin mai ɗori. Yau Kiyari yana kama balo sama da kansa. Ni guga ya gagare ni, albasa da tumatir ina ji ina gani suna bushewa, kuma da su nake ciyar da gida. Haba, ranka ya daɗe! Ƙashinsa ya fi nawa ne?

Roƙona: ku mayar da mu kan rairayi, Gure ba ta rasa shi ba. Malamin asibitin nan ya riƙa leƙo mu, ya koya mana ɗumama jiki da ɗaure gaɓa. Ni kuma a kai ni inda aka kai Kiyari kafin hannun ya sandare.

Jiya na hango Kiyari tafe da fara'arsa, sai na tsinci kaina na sake hanya. Mutumin da muka tashi tare, na kasa yi masa barka.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka ji haushin lafiyar abokinka.

Wassalam.
Lawan mai lambu, Gure.